Menomini: Mutanen Da Suka Mai Da Dajinsu Makaranta

Duk wanda ya taɓa shiga gidan silima a birni, ko ya zauna gaban bidiyo a ƙauye, zai tuna da finafinan kaboyi. A cikinsu akan nuna waɗansu mutane masu dogon gashi, da gashin tsuntsu a ka, suna bisa dawaki suna harbi da kibau. Yara kan ce musu Indiyawan daji. Wannan suna bai dace da su ba. Babu abin da ya haɗa su da ƙasar Indiya. Su ne 'yan asalin ƙasar Amurka, waɗanda Turawa suka tarar a can sa'ad da suka ƙetara teku. Kuma ba ƙabila ɗaya ba ce. A yau gwamnatin Amurka ta amince da ƙabilu irin nasu sama da 570, kowace da sunanta da al'adunta.

A wannan wata za mu duba ɗaya daga cikinsu, watau ƙabilar Menomini da ke jihar Wiskonsin, can arewacin Amurka wajen manyan tafkunan da ke kan iyakar Kanada. Ba su da yawa, yawansu bai wuce wajen mutum 9,000 ba. Abin da ya sa duniya ta san da su shi ne dajinsu. Sun fi shekara 160 suna saran itace a cikinsa suna sayar da katako, amma dajin bai ƙare ba. Hasali ma itacen da ke tsaye a yau ya fi na ranar da suka fara sara. Za mu ga yadda haka ta faru, da kuma yadda suke koya wa 'ya'yansu wannan hikima don kada ta bi tsofaffi kabari.

Su wane ne Menomini?

Maƙwabtansu ne suka raɗa musu sunan Menomini, ma'anarsa mutanen shinkafar daji. Wata irin shinkafa ce mai dogon tsaba da ke fitowa da kanta a bakin tafkuna da koguna, ana shiga da kwalekwale a kakkaɓo ta. Su kuwa suna kiran kansu Mamaceqtaw, watau mutane. A tarihinsu na baka ba su zo daga ko'ina ba. Sun ce asalinsu bakin kogin Menomini ne, wurin da bai fi tafiyar mil 60 daga inda suke zaune yanzu ba. Mai karatu ya riƙe wannan magana, domin za mu sake dawowa kanta idan mun zo batun makaranta.

A da ƙasarsu ta kai kimanin eka miliyan 10. Da Turawa suka yi yawa, sai gwamnatin Amurka ta riƙa matsa musu su sa hannu a takardun yarjejeniya, kowace takarda ta gutsire wani yanki. An yi haka a 1831 da 1832 da 1836. A 1848 aka zo da wadda ta fi duka muni, wadda ta ce su bar Wiskonsin ɗungurungum su koma wani wuri a Minesota.

A lokacin babban sarkinsu shi ne Oshkosh. Ya tafi da waɗansu dattawa suka duba wurin da aka ce su koma a 1850. Da suka ga ƙasar ba ta da albarka, kuma tana tsakanin ƙabilu biyu masu gaba da juna, sai suka wuce Washinton suka kai kuka gaban Shugaba Millard Fillmore. Aka ɗage musu tashin. A ƙarshe, cikin 1854, aka yi yarjejeniyar kogin Wolf, aka keɓe musu wani ɗan yanki daga cikin ƙasarsu ta gado. Bayan shekara biyu aka sake yankar wani gefe aka ba wata ƙabila. Abin da ya rage musu shi ne kimanin eka 235,000, kuma kusan dukkanta daji ce. Daga eka miliyan 10 ke nan.

Shawarar da ta raba su da maƙwabta

Yanzu ga su a ƙaramar ƙasa. Farauta da su da shinkafar daji ba za su ciyar da kowa ba kamar da. Gwamnati ta so su sare dajin su zama manoma. 'Yan kasuwar katako kuwa sun zuba wa dogayen itatuwansu ido. A wannan zamani ne aka yi wa dazuzzukan Wiskonsin aski kwal-kwabo, domin ana gina birane irin su Chikago, kuma katako ake nema ido rufe. Kamfanoni kan shiga daji su sare kome, su bar kututture da busassun rassa, su ƙara gaba. Irin wannan tarkace na cikin abin da ya ƙara rura gobarar Peshtigo ta 1871, wadda ta halaka mutum sama da 1,000 ba nisa da ƙasar Menomini.

Menomini ba su ce ba za su taɓa dajin ba. Yunwa ba za ta bari ba. Sun yarda su sari itace, amma bisa ƙa'ida. Har yau suna danganta ƙa'idar ga Oshkosh da dattawan zamaninsa. An ce sun yi umurni a fara sara daga gabas a nufi yamma, kuma kada a ɗauki kome sai itacen da ya gama girma, da mara lafiya, da wanda ya faɗi da kansa. In an kai ƙarshen ƙasar ta yamma sai a juyo a nufo gabas. In aka yi haka, in ji su, itace ba zai ƙare ba.

Makiyayi zai gane wannan magana nan take. In buƙata ta taso, tsohuwar saniya da gurguwa da wadda ba ta haihuwa yake kaiwa kasuwa. Ba ya taɓa karsana mai kyau ko bijimin da ke ba garke iri. Shi ya sa garkensa ke ƙara kyau ko da yana sayarwa kowace shekara. 'Yan kasuwar katako akasin haka suke yi. Sukan zaɓi mafi kyau su sare, su bar karkatattu da ruɓaɓɓu su yi iri, sai dajin ya riƙa lalacewa sara bayan sara.

Akwai kuma shawara ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko nauyi. A 1887 majalisar Amurka ta yi wata doka ta rarraba ƙasashen ƙabilu, a ba kowane magidanci nasa fili da takarda. A ido abin kamar alheri ne. Amma a wurare da yawa talauci da haraji da 'yan damfara sun sa filayen sun koma hannun Turawa cikin 'yan shekaru. Menomini suka ƙi a raba tasu. Dajin ya zauna dunƙule, mallakar ƙabila baki ɗaya. Babu wani mutum guda da zai wayi gari ya ce bashi ya kama shi, bari ya sayar da rabonsa. Shi ya sa a hoton da tauraron ɗan'adam ke ɗaukowa daga sama, ana iya ganin ƙasar Menomini fili: wani yanki kore shar mai kusurwa, gonaki da makiyayar shanu sun kewaye shi, iyakar ta miƙe kamar an ja layi da rula.

Yadda ake saran

A Amurka ana auna katako da wani ma'auni da za mu kira ƙafar katako. Ƙafa ɗaya ita ce allo mai tsawon ƙafa ɗaya, faɗin ƙafa ɗaya, kaurin inci ɗaya. An ƙiyasta cewa a 1854 itacen da ke tsaye a dajin ya kai ƙafa miliyan 1,200. Daga lokacin zuwa yau an sari fiye da ƙafa miliyan 2,250, watau kusan ninki biyu na dukan abin da ke wurin tun farko. Duk da haka abin da ke tsaye yanzu ya haura ƙafa miliyan 1,700. Ba sihiri ba ne. Itace na girma kowace shekara, su kuwa ba sa ɗaukar abin da ya wuce girman da dajin ya ƙara.

To, yaya suke sanin girman da ya ƙara? Da awo. Akwai ɗaruruwan ƙananan filaye da aka yi wa alama a ko'ina cikin dajin. Bayan 'yan shekaru malaman daji kan koma kowane fili su auna kauri da tsawon itatuwansa, su rubuta wanda ya mutu da wanda ya tsiro. An fi shekara 50 ana wannan lissafi. Daga nan ake yanke adadin da za a sara.

A yawancin dajin, in an shiga wani yanki an yi sara, ba a komawa sai bayan kimanin shekara 15. Kafin masu zarto su shiga, malamin daji ne ke fara zagawa da fenti, yana duba itace ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya shafa wa fenti shi kaɗai za a kayar. Ana yin aiki mai yawa a tsakiyar hunturu, sa'ad da ƙasa ta daskare ta yi tauri kamar dutse, domin kada tayoyin manyan motoci su dagargaza ƙasa da saiwoyi. Har ila yau sukan dubi ƙananan tsirrai da ke ƙarƙashin itatuwa su gane irin itacen da ya fi dacewa da wurin, kamar dai yadda manomi kan dubi ciyawar da ke fili ya san ko jigawa ce ta gero ko ƙasar dawa.

Sakamakon haka, akwai irin itatuwa sama da 30 a dajin, manya da ƙanana a cakuɗe. Akwai fayin, dogon itace miƙaƙƙe mai ganye kamar allura, waɗansunsu sun haura shekara 200. Akwai mapul, mai katako mai ƙarfi da santsi, wanda ake shimfiɗa dandamalin wasan ƙwallon kwando da shi a manyan gasa na Amurka.

Ƙabilar na da masana'antar tsaga katako tata a garin Neopit tun 1908. A nan ma tsarinsu daban ne. A sauran wurare mai injin ne ke faɗin irin itacen da yake so, a je daji a nemo masa. A Neopit abin da malaman daji suka ce a cire shi ne injin zai tsaga, ko kasuwa na son wani abu dabam. Wannan kan rage riba a waɗansu shekaru, kuma sun san da haka.

Shekarun da suka kusa rasa kome

Kada mai karatu ya ɗauka abin ya tafi sumul. A 1890 majalisar Amurka ta ƙayyade cewa kada a sari fiye da ƙafa miliyan 20 a shekara a dajin. A 1908 wata doka ta ƙara da cewa sai itacen da ya nuna sosai za a kayar. Amma jami'an gwamnati da aka ɗora wa kula da aikin su ne suka karya dokar, suka share manyan yankuna ƙaƙaf. Menomini suka kai gwamnati ƙara. An daɗe ana shari'a, sai a 1951 suka yi nasara, aka yanke musu diyyar dala miliyan 8 da rabi.

Wannan nasara ce ta jawo musu masifa. Da suka nemi a raba wa kowane mutum dala 1,500 daga kuɗinsu, sai wani ɗan majalisar dattawa mai suna Arthur Watkins ya ce ba za a saki kuɗin ba sai sun yarda a soke matsayinsu na ƙabila. Hujjarsa ita ce sun yi arziki, ba su buƙatar kariyar gwamnati. Aka kira taro aka kaɗa ƙuri'a, mutum 169 suka ce e, 5 suka ce a'a, alhali 'yan ƙabilar sun haura 3,000. Da yawa daga masu ƙuri'ar sun ɗauka batun kuɗin kawai ake yi. A 1954 aka sa hannu a dokar, ta fara aiki a 1961.

Daga ranar, a idon doka babu wata ƙabila mai suna Menomini. An rufe rajistar 'yan ƙabila da mutum 3,270, duk yaron da aka haifa bayan nan ba a lissafa shi. Ƙasarsu ta zama gunduma kamar kowace, kuma ita ce mafi talauci a jihar. Dajin ya koma hannun wani kamfani da aka kafa, 'yan ƙabila suka zama masu hannun jari kawai, ba su da ta cewa sosai. Asibitinsu ya rufe. Haraji ya hau kan dajin. Da kamfanin ya rasa kuɗin biya, sai a 1968 ya shiga yarjejeniya da wani mai gine-gine, aka datse ruwa aka haɗe ƙananan tafkuna suka zama babban tafki guda, aka fara yanka filayen bakinsa ana sayar wa baƙi masu kuɗi su gina gidajen hutu. Abin da kakanni suka ƙi yi a 1887 ga shi yana faruwa a gaban jikoki.

Nan ne jama'a suka farka. A 1970 suka kafa wata ƙungiya da ake taƙaita sunanta da DRUMS, kalmar da ke nufin ganguna a Turanci. Cikin shugabanninta akwai wata mace mai suna Ada Deer, wadda ta yi karatu mai zurfi a jami'a, ta bar karatun lauya da ta fara ta koma fafutuka. Suka yi zanga-zanga a wuraren sayar da filayen. A watan Oktoba na 1971 suka taka a ƙafa daga garinsu Keshena har Madison, babban birnin jihar, tafiyar kwana da kwanaki, don su ga gwamna. Ada Deer ta tare a Washinton tana bin 'yan majalisa ofis-ofis. Ranar 22 ga Disamba, 1973, Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar da ta mayar musu da matsayinsu. Ita Ada Deer daga baya, a 1993, ta zama mace ta farko da ta shugabanci hukumar kula da harkokin ƙabilun asali ta Amurka. Ta rasu a 2023. Filayen bakin tafki da aka riga aka sayar kuwa, da yawansu na hannun baƙi har yanzu.

Daga daji zuwa aji

Wannan wahala ta koya musu abu biyu. Na farko, mutanen da suka ceto dajin su ne waɗanda suka iya karanta doka da takardun kamfani, suka iya tsayawa gaban majalisa. Na biyu, karatun nan da ba shi da amfani in da masu shi ba su taso da ƙaunar ƙasar ba. Ƙa'idar Oshkosh ta rayu shekara ɗari ba tare da allo ko littafi ba. Yaro kan ji ta a bakin kakarsa, ya gan ta a hannun mahaifinsa a wurin aiki. Amma wannan hanya ta riga ta yi rauni. Shekaru da yawa ana kwashe 'ya'yan ƙabilun asali ana kai su makarantun kwana na gwamnati da na mishan, inda ake hukunta yaro in ya yi harshen uwarsa. Yaran da suka sha wannan, da suka girma, da yawa ba su koya wa nasu 'ya'yan harshen ba don gudun kada su ma su sha wuya.

Saboda haka bayan an dawo musu da ƙasa, sai suka juya kan makaranta. A 1976 suka sami hukumar makarantu tasu, suka daina dogara da ta garin Turawa da ke maƙwabtaka da su. A 1989 jihar Wiskonsin ta yi dokar da ta wajabta wa makarantun gwamnati su koyar da tarihi da al'adu da 'yancin ƙabilun asali na jihar, sau biyu aƙalla a firamare, sau ɗaya a sakandare. Watau har ɗan Bature da ke zaune a birni ya kamata ya san labarin.

Babban mataki shi ne na 1993, sa'ad da majalisar ƙabilar ta kafa Kwalejin Al'ummar Menomini a Keshena. Wadda aka ɗora wa aikin ita ce Dokta Verna Fowler, 'yar ƙabilar, wadda ita ma ta yi gwagwarmayar dawo da ƙasa. An fara da 'yan ɗalibai kaɗan a ɗakunan aro. Ta shugabanci kwalejin har 2016. Yanzu tana da reshe a birnin Green Bay, tana ba da digiri, kuma ƙofarta a buɗe take ga wanda ba ɗan ƙabila ba.

Tun farkon kafa ta aka buɗe mata wata cibiya ta nazarin ci gaba mai ɗorewa. Kalmar nan ta ci gaba mai ɗorewa ta cika bakin ma'aikatan gwamnati da na ƙungiyoyi a ko'ina, har ta kusa zama magana mara ma'ana. Dattawa da malaman daji da malaman kwaleji suka zauna don su fayyace abin da take nufi a wurinsu, bisa abin da ya same su. Suka fito da abubuwa shida da suka ce ba a raba su: ƙasa da ikon mallakarta, halittun da ke cikinta, hukumomin da ke tafiyar da jama'a, kayan aiki da fasaha, tattalin arziki, sai kuma tunanin mutane da halayensu. A tsakiyar shidan suka sa abin da muka ce a riƙe tun farko, watau imaninsu cewa daga wannan ƙasa suka fito, ba su da wata.

Amfanin wannan tsari a aji shi ne yana hana ɗalibi duban abu ta fuska ɗaya. Alal misali, a ce kasuwa ta buɗe, ana neman katakon mapul da tsada. Ta fuskar tattalin arziki sai a ce a ƙara sara, a ɗauki ma'aikata. To, malami zai tambayi ɗalibai, me zai sami dajin bayan shekara 50? Wa ke da ikon yanke shawarar, kamfani ko majalisa ko jama'a? In an sayo babban injin da ke yin aikin mutum goma, ina sauran taran za su? Ba a koya musu cewa akwai amsa guda mai daɗi ba. Ana koya musu cewa abubuwan nan shida kullum suna jan juna, kuma aikin shugabanni shi ne su riƙa daidaita su. Shekarun 1961 zuwa 1973 su ne babban misalin da ake bugawa: itatuwan ba su canza ba, iliminsu bai canza ba, amma da aka taɓa ikon mallakar ƙasa sai kome ya fara rushewa.

Karatun ba a cikin ɗaki kaɗai ake yinsa ba. Ɗalibai kan shiga daji da tef da littafi su auna itatuwa tare da malaman daji. A harabar kwalejin akwai wata hanya da ta ratsa cikin itatuwa, inda ake bin tsirrai ana rubuta ranar da kowanne ya yi toho, da ranar da ya yi fure, da ranar da ya zubar da ganye. In aka tara wannan shekara da shekaru, za a ga ko lokutan suna gusawa saboda canjin yanayi. Akwai kuma shirin da ke tara 'yan sakandare a lokacin hutu, su yi bincike a kan ƙasarsu su gabatar wa jama'a.

Ga ƙananan makarantu kuma, kwalejin ta haɗa hannu da Jami'ar Wiskonsin da ke Madison a wani shiri mai suna POSOH, wanda a harshen Menomini gaisuwa ce. Malaman kimiyya da dattawa suka rubuta darussa tare. Maimakon a koya wa yaro kimiyyar halittu da misalin wani daji na wata nahiya da bai taɓa gani ba, sai a koya masa da dajin da ke bayan gidansu. Wani kashi na darussan an raɗa masa suna da kalmar Menomini mai nufin dukan dangina, domin a al'adarsu itace da kifi da tsuntsu dangi ne, ba kaya ba. Shi ya sa mutum kan ajiye 'yar taba a ƙasa don godiya kafin ya ɗebi magani ko ya sari itace. Wani zai ce wannan al'ada ce kawai, ba kimiyya ba. Amma yaron da aka saba masa ya tsaya ya yi godiya kafin ya ɗauka, da wuya ya girma ya zama mai kwashe kome.

Wajen ƙarshen sanyi, cikin Maris da Afrilu, akan kai yara sansanin sukari. Ana huda jikin itacen mapul a sa ɗan bututu, ruwa mai ɗan zaƙi ya riƙa ɗiga cikin bokiti. Sai an dafa wajen galan 40 na ruwan kafin a sami galan ɗaya na zuma mai kauri. A nan yaro zai koyi lissafi da awo, ya koyi cewa ba a huda ƙaramin itace, ba a kuma yi wa babba huda barkatai.

Batun harshe shi ne mai ban tausayi. Tsofaffin da suka tashi da Menomini a matsayin harshen farko ba su kai goma ba a yau. Kuma ilimin daji mai yawa a cikin harshen yake. Dubi sunayen watanninsu: akwai watan yin sukari, da watan 'ya'yan itace, da watan sussukar shinkafa, da watan zubar ganye. Wanda ya san sunayen ya san aikin kowane lokaci ba sai an gaya masa ba. A 2017 suka buɗe ɗakin renon jarirai inda ba a magana da kowane harshe sai Menomini. Masu renon kansu matasa ne da suka koyi harshen da girmansu, daga bakin tsofaffi da kuma tsofaffin faya-fayan da aka naɗa. Daga bisani aka buɗe makarantar da yaran za su ci gaba a cikinta.

Abin da ke gabansu yanzu

Dajin na fuskantar abokan gaba da Oshkosh bai sani ba. Akwai wani ɗan ƙwaro kore mai sheƙi da ya shigo Amurka daga Asiya cikin katakon ɗaure kaya. Tsutsarsa na cin ƙarƙashin ɓawon itacen ash har ya bushe. An fara ganinsa a Wiskonsin a 2008, kuma zuwa 2024 babu gundumar jihar da bai shiga ba. Da wani irin ash ne ake saƙa kwandunan gargajiya, saboda haka in itacen ya tafi, sana'ar ma na cikin haɗari. Akwai kuma wata cuta da ke kashe itacen ok, tana bi ta saiwa daga wannan zuwa wancan. Malaman dajin Menomini kan kayar da waɗanda suka kamu da na kusa da su, su tumɓuke kututturen don a yanke hanyar cutar. A gurbin da ya buɗe suna dasa irin itatuwan da suka saba da wurare masu ɗan zafi na kudu, domin hunturu na ƙara gajarta, kuma itacen da aka dasa yau sai bayan shekara ɗari za a san ko ya dace.

Gajartar hunturu na taɓa aikin kansa. In ƙasa ba ta daskare da wuri ba, kwanakin da motoci za su shiga daji ba tare da ɓarna ba sun ragu.

Sai kuma matsalar hannu. Saran itace da zarto cikin dusar ƙanƙara aiki ne mai wuya da haɗari. Masu yinsa suna tsufa, matasa da yawa kuma sun fi son aikin ofis, ko gidan caca da otal da ƙabilar ke da su, ko su tafi birni. A 'yan shekarun nan akan yi wa itatuwa fenti a rasa isassun masu kayar da su, har abin da ake sara ya kasa adadin da malaman daji suka yarda a cire. Wani zai ce ai wannan alheri ne ga dajin. Su ba haka suke gani ba. In ba a cire marasa lafiya da masu cunkoso a kan lokaci ba, cuta na yaɗuwa, ƙananan da ke jiran hasken rana kuma su shaƙe. Masana'antar Neopit ma in gungume bai ishe ta ba, albashin magidanta ne ke raguwa. Don haka kamfanin ƙabilar ya fara shigo da injunan sara na zamani a inda ƙasa ta yarda, yana kuma neman matasan da za a horar su karɓi zarto da gwangwanin fenti daga hannun iyayensu.